Kano ta Hanyar Mallawa

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan la'asar. Magaria.

Gobe za mu tafi. Na ɗaure kaya, mijina Mushe ya kwance, wai yana neman hular sanyinsa, alhali tana kansa.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na fara zagin kaina nan gaba in tuna ba ni na tsara ba. Likitan ido na Zinder ya ce na hagun ya tafi, kada mu sa rai. Na daman ake so a tsare, kuma sai an yi aiki. Ya haɗa mu da wani likita a Kano, randebu, wato ranar ganinsa, Alhamis 19 ga wata. Daga ƙofar gidanmu zuwa Kano ta Tinkim, in ka yi asuba a nan, a can za ka yi azahar. To Mushe Ayuba, mijina, tsohon diraktan lakkwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa kowane malami Mushe da Faransanci, mai hankali a bakin mutane, ya ce a'a. Ta Dantchiao za mu bi mu gaida Musa. Mu wuce Mallawa mu gaida Hammadu. Mu tsallaka Najeriya ta Maigatari mu sauka gidan Aboubacar a Gumel. Sannan Kano.

Na ce, "Mushe, ziyara za mu ko asibiti?"

Ya ce, "Madam, duk hanya ce."

Kuma shi zai tuƙa. Kuma ya sa na yi masa alkawari, hannuna cikin nasa, ba zan faɗa wa kowa maganar idon ba. Ko ɗanmu Imran da ke Yamai bai sani ba. Na yi alkawarin. Ban san abin da ya shiga kaina ba.

Litinin, 9 ga Disamba, azahar. Dantchiao.

Mun iso da ranmu. Abin da ke gabansa sak kawai yake gani, kamar mai leƙe ta bakin buta. Gefe da gefe babu. Don haka ni ce gefe da gefe. "Babur a dama. Rami. Jaki, Mushe. Jaki!" Shi kuma duk abin da na faɗa sai ya ce, "Na gan shi." Bai gan shi ba. Ayatul Kursiyyun da na karanta yau ta ishi unguwa guda.

Musa ne ya ba shi ɗaki lokacin da aka turo shi koyarwa garin nan yana saurayi. Yanzu ya tsufa, yana sayen gyaɗa yana sayarwa, murya har yanzu kamar ta mai shela. Suka rungume juna suna zagin furfurar juna. Kafin in ce uffan an wuce da Mushe zaure wurin maza, ni matar Musa, Ƙande, ta ja ni cikin gida.

Ban yi tunanin wannan ba sai da na zauna a tabarma. Maganin ɗigawa a idonsa safe da rana da yamma ne, kuma shi ba ya iya ɗiga wa kansa, kumatu yake shayarwa. Yana can, ina nan.

Kwana ɗaya muka ce za mu yi.

Talata, 10 ga Disamba, hantsi.

Musa ya yanka akuya. Ba a tafiya a bar nama.

Na samo dabara. Ina aikawa a ce da Mushe ya zo mota ya duba mini wani abu. Mu shiga, mu rufe ƙofa, ya kwantar da kai a kujera, in ɗiga masa, mu fito.

Laraba, 11 ga Disamba, la'asar.

Ƙande ta gan mu muna fitowa daga mota, shi yana share ido, ni ina gyara mayafi. Ta riƙe baki. Da na shigo ta ce, "Habsatou, ke da Mushe har yanzu? Da rana tsaka? Walla ku 'yan boko kun ji daɗinku." Yanzu duk matan gidan da sun gan ni sai guɗa ƙasa-ƙasa. Ni da jikoki. Na so ƙasa ta tsage.

Na ce mata gobe za mu wuce. Ta ce ai ta riga ta zuba gyaɗa a wuta, ƙuli-ƙulin tsarabarmu da mai, in ba raina ta na yi ba. Na je na sami Mushe na ce ya nemi sallama wurin Musa. Ya ce baƙo ba ya sallamar kansa, sai mai gida ya sallame shi. Na sani. Ni ma a gida aka haife ni. Amma baƙo yana iya yin tari ya dubi takalmansa, a gane. Shi ko takalman bai san inda suke ba, ya miƙe ƙafa a bakin wuta yana ba da labarin ɗaliban da suka zama kakanni.

Alhamis, 12 ga Disamba, safe.

Sanyi. Ruwan alwala kamar ya sare yatsu. Akwai suna a maƙwabta, wai uban jaririn ɗalibin Mushe ne, dole ya yi addu'a.

Juma'a, 13 ga Disamba.

"Wa ke tafiya ranar Juma'a?" in ji Musa.

Asabar, 14 ga Disamba, bayan la'asar. Kusa da Mallawa.



Mun bar Dantchiao da galan na man gyaɗa, buhun ƙuli-ƙuli da zabi biyu masu rai a bayan kujerata. Dungass muka tsaya shan isansi, wato fetur, kawai, na hana shi fitowa don kada wani ya gane shi ya yanka mana wani abu. Daga nan gudiro, wato kwalta, ya ƙare, muka shiga rairayi.

Hammadu Bafulatani ne, yana noma yana kiwo, gidansa bayan gari. Shi ya riƙa kawo wa Mushe nono shekarun da ya yi a Mallawa, har 'ya'yansa biyu ya ba shi ya sa a lakkwal lokacin da kowa ke ɓoye nasa. Muna dab da gidan, mutane sun fito tarye, maraƙi ya ɓullo ta hagu. Na ce "Maraƙi!" Na ce da ƙarfi. Ya juya kai neman inda yake, motar ba ta tsaya ba.

Ƙafar gaba ta karye. Nan take aka yanka.

Rana tsaka, fili fetal, mota tana tafiya kamar hawainiya. Kowa ya juyo ya dubi Mushe. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu za a tambaya, kuma in an tambaya ba ni na faɗa ba. Sai Hammadu ya tafa hannu ya fashe da dariya. Mushe jinin Barebari ne, akwai wasa tsakaninsu da Fulani tun kakanni. Ya ce, "Kun gani? Babarbare ya kasa jira a dafa! Tun daga Magaria ya jiyo ƙanshin maraƙina!" Kowa ya yi dariya. Mushe ya fi kowa, ya ce ai bawa ba ya hana ubangidansa nama.

Aka rufe maganar da wasa. Ni kaɗai ban yi dariya ba, kuma matar Hammadu, Kadi, ta lura.

Lahadi, 15 ga Disamba, hantsi.

Musa ya riga ya bugo wa Hammadu waya ya yi masa alfahari da kwanakin da muka yi gidansa. Hammadu ya ce wa Mushe, a gabana, "In ka yi mini ƙasa da na Musa, ka nuna wa duniya gyaɗa ta fi nono." Mushe ya ce Allah ya kiyaye.

Kuma ta yaya za ka kashe wa mutum maraƙi yau, gobe ka ce kana sauri? Wannan ko ni na san ba ta yiwuwa. Shi ya sa na fi jin haushi.

Talata, 17 ga Disamba, azahar.

Maganin ya ƙare. Na matse kwalbar har ta yi ƙara. An ba mu daidai wanda zai kai mu Kano ne da ɗan saura, amma na kwanaki ya zube a kujerar mota ranar da Ƙande ta ƙwanƙwasa gilashi na firgita. Na hau babur na je Mallawa, mai sayar da magani ya juya kwalbar ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, amma yana da na jan ido.

Na faɗa wa Mushe. Ya ce, "To Allah ya sa haka ya fi alheri." Na so in jefe shi da kwalbar.

Laraba, 18 ga Disamba, la'asar.

Rediyon Hammadu tun safe kiɗan fetin ƙasa yake, bikin ranar Jamhuriya. In mun tashi yanzu, mu kwana Gumel, da asuba mu kama hanya, za mu samu randebu. Na faɗa masa haka a bayan rumbu. Ya ce Hammadu ya aika a taho da shanunsa daga daji gobe don ya gan su, shekara nawa yana ba shi labarin wata farar saniya.

Na ce, "Saniya."

Ya ce, "Saniya, Madam."

Na je na ce wa Kadi muna da uzuri a Kano. Ta ce wane iri? Na buɗe baki, na tuna hannuna cikin nasa, na ce sayayya. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ayya. Mun sani gidanmu ba irin naku ba ne. Ga sanyi, ga warin shanu. Ki yi haƙuri da mu, Madam, kwana nawa ne." Ta ƙara mini bargo, nata na kanta.

Matar da ta ba ni gadonta ta koma tabarma. Yanzu a wurinta ni ce 'yar birni mai ƙyamar mutane. Na shiga bukka na yi kuka, na haushi, ba na komai ba.

Alhamis, 19 ga Disamba.

Yau ne.

Alhamis, azahar.

Sai ka hau tudun bayan gida ake samun rezo na waya, shi ma na Najeriya. Na hau. Na buga waya, wata yarinya ta ɗauka a asibitin, ta ce an kira sunansa ba ya nan, sai 30 ga wata. Ta ce, "Hajiya, yana dai sa maganin ko?" Na ce eh. Ƙarya ta zama mini abin ci.

Daga kan tudun ina hango shi cikin shanu, Hammadu riƙe da hannunsa. Farar saniyar ce dai. Fara ce, ba laifi.

Juma'a, 20 ga Disamba, hantsi.

Mun yi faɗa a mota, gilashi a rufe, zabin Ƙande suna saurare.

Na ce masa duk abin da ke bakina. Na ce mutumin da ya yi shekaru yana dukan 'ya'yan mutane a kan makara shi ne ya makara wa idonsa. Na ce in ya ƙarasa lalata shi, ni ce zan riƙa jan sa zuwa bayan gida, ba Musa ba, ba Hammadu ba, ba saniya ba. Na ce ya sake ni daga alkawarin nan.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Likitan Zinder ya ce aikin yana iya yin kyau, yana iya ƙin yi. Kin ji shi ai. In ya ƙi fa? Ina son in gan su, Habsatou. Kuma ina son su gan ni ina tafiya da ƙafata, ba ana cewa wayyo Mushe ba."

Rabon da ya kira sunana na manta.

Ban huce ba. Ina rubutawa don kada a ce na huce. Da ya faɗa mini haka tun Magaria da na tsara tafiyar, kowa kwana ɗaya, mu gama a kan lokaci. Amma namiji sai ya bari ruwa ya kai wuya sannan ya ce dama tsoro yake ji.

Asabar, 21 ga Disamba.

Kansa na ciwo ta dama. Ya ce sanyi ne.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan la'asar. Gumel.

Na karya alkawari. Ban yi nadama ba. Bari in rubuta tun daga farko.

Hammadu ya sallame mu da safe, da man shanu da ƙwaryar fura. Kadi ta raka ni har mota ba ta dube ni ba. Hanyar yau ta fi ta kullum muni. A Dantchiao yana ganin mota in tana gabansa, yau sai ta matso. A bakin iyaka ɗan duwan, wato kwastan, ya miƙo masa takardunmu ta taga, Mushe ya bar hannun mutumin a sama yana kallon gaba, sai ni na miƙa hannu na karɓa ina cewa Mushe ya gaji. Daga Maigatari zuwa Gumel manyan motoci ne. Ba zan rubuta wannan ba.

Aboubacar ɗan unguwarsu ne a Magaria, tare aka yi musu kaciya, tare suka shiga lakkwal, shi ya gudu ya bi fatauci ya zauna Gumel. Duk cikin abokan shi ne na zuciya. Ya tara mutane a ƙofar gida, an shimfiɗa darduma, har da limamin unguwa. Matarsa Falmata ta fito ta kama hannuna, muna shiga soro na waiwaya.

Mushe ya fito daga mota ya nufi mutanen da ke gabansa. Aboubacar ya taho ta gefe, hannu biyu a buɗe, yana dariya. Mushe ya wuce shi. Rigarsu har ta gogi juna. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, liman, maƙwabta, har mai wankin hula, Aboubacar na tsaye a kafaɗarsa hannu a buɗe. Sannan ya sami wuri ya zauna.

Na ga hannun Aboubacar ya sauka a hankali. Na ga mutane suna duban ƙasa. Ya ce, da murya wadda ban san shi da ita ba, "Ayuba, in wani abu na yi maka, ai da ka faɗa mini a waya. Ba sai ka taho gidana ka yi mini a gaban jama'a ba."

Mushe ya juya kai yana neman inda muryar take. Ya ce, "Aboubacar? Kana ina?"

Yana nan. Taku ɗaya.

Ban san lokacin da na ƙwace hannuna daga na Falmata ba. Na fita tsakiyar maza, ko takalmi ban cire ba na taka dardumar liman. Na ce, "Alhaji, bai gan ka ba. Wallahi bai gan ka ba. Na hagun ya mutu, na daman saura kaɗan. Tun ranar Alhamis ya kamata a yi masa aiki a Kano, yana can yana kallon saniya. Magani ya ƙare tun Talata. Kuma shi ya tuƙo mu." Na faɗa duka, har maraƙin.

Mushe ya ce, "Madam." Shi ke nan abin da ya ce.

Aboubacar ya durƙusa a gabansa, sak inda zai gan shi, ya kama kunnuwansa biyu kamar yaro. Ya ce, "Kai jaki ne. Tun muna yara kai jaki ne, boko bai raba ka da shi ba." Yana faɗa yana kuka. Sannan ya sa hannu a aljihun Mushe ya zare lakile, makullin mota, ya jefa a nasa.

An yanka rago saboda mu. Aboubacar ya ce a raba wa unguwa, baƙin nan ba masu zama ba ne.

Litinin, 23 ga Disamba, azahar. Kano.

Aboubacar ya tuƙa. Ni a baya da zabi. Karo na farko tun Magaria na ga gonaki a hanya, da ban ga komai ba sai jakuna.

Ya ce wa yarinyar asibiti ba ya jin Turanci, ba ya jin 30 ga wata, a nan zai zauna har likita ya fito. Ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofa.

Mushe ba ya yi mini magana. Ya karɓi ruwa a hannun Aboubacar, ya ƙi na hannuna. To.

Talata, 24 ga Disamba, la'asar.

Likita ya gan shi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi yaushe aka daina sa magani. Na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, na so ya yi. Ya ce abin da ya tafi cikin kwanakin nan ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da ya rage za su yi ƙoƙari su riƙe, ranar Alhamis da safe. Bai yi mana alkawarin komai ba.

Na bugo wa Imran. Ya yi ta ihu a waya, ni ya yi wa, kamar ni na ɓoye don daɗi. Na bugo wa Hammadu na ce ya ba Kadi. Na faɗa mata. Ta ce, "Habsatou, kika bar ni ina ba ki bargo?" Muka yi dariya, muka yi abin da ya biyo bayan dariya.

Laraba, 25 ga Disamba.

Har yanzu ba ya yi mini magana. Ya ce wa Aboubacar ya ce mini a samo masa hular sanyi.

Alhamis, 26 ga Disamba, hantsi.

Sun shiga da shi. Ina kan benci, Aboubacar ya tafi neman shayi.

Kafin a kira shi muna zaune a farfajiya inda rana take, saboda sanyi. Ba zato ya ce, "Madam, tashi ki tsaya can." Na ce a kan me? Ya ce in tashi dai. Na tashi na tsaya a gabansa. Ya ce, "Matsa baya. In kina kusa hancinki kawai nake samu." Na matsa. Ya ce in ƙara. Na ƙara, har na kusa taka tiren mai awara.

Ya ce, "Yawwa. Nan. Yanzu kin shiga duka."

Na ce, "Mushe, mutane na kallo."

Ya ce, "Na ga Musa, na ga Hammadu, na ga wancan jakin. Ke kullum kina gefe kina cewa rami, rami. Tsaya in gan ki."

Ko mai ban shafa ba. Leɓena duk ya tsage, mayafin nan tun Mallawa nake fama da shi, yana warin hayaƙi. Mako biyu da rabi yana da lokacin saniya, sai yau da na fi kowace rana muni ya tuna. Na faɗa masa haka daga inda nake tsaye, da ƙarfi, mai awara tana ji.

Ya ce, "Ci gaba da faɗan. Haka na san fuskar."

Ban matsa ba har aka kira sunansa.